Hukuncin cin hanci da rashawa: a ƙara shekarun ɗauri ne, ko a gyara yadda ake yanke shi?

Malam Nasiru:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai wata magana da na daɗe ina juyawa a raina, kuma na ga ya dace in shimfiɗa ta a nan tunda Allah ya haɗa mu da masana shari'a. Duk lokacin da aka yanke wa wani babba hukunci a kan cin hanci da rashawa, abin da jama'a suke kamawa shi ne yawan shekarun da alƙali ya ambata, sai a ce sun yi kaɗan, sai a shiga kiran a ƙara su. Ni abin da ya fi damuna shi ne yawan shekarun da mutumin ya zauna a gidan yari da gaske, da kuma abin da ya rage a hannunsa ranar da ya fito. Ku dubi Najib Razak, tsohon firaministan Malesiya. A 2020 kotu ta ɗaure shi shekara 12 tare da tarar ringit miliyan 210 a shari'ar kamfanin SRC, bai shiga gidan yari ba sai a Agustan 2022 bayan ya ƙare ɗaukaka ƙara, sannan a Fabrairun 2024 hukumar afuwa ta mayar da ɗaurin shekara 6, tarar kuma ta koma miliyan 50. A Koriya ta Kudu, kotun ƙoli ta tabbatar wa tsohuwar shugabar ƙasa Park Geun-hye ɗaurin shekara 20 a Janairun 2021, amma shekarar ba ta ƙare ba sai da aka yi mata afuwa. A Amurka ma an ɗaure tsohon gwamnan Illinois, Rod Blagojevich, shekara 14 a 2011, aka sake shi a Fabrairun 2020 bayan shugaban ƙasa ya yafe masa sauran wa'adin. Ƙasashe uku ke nan masu tsarin mulki daban-daban, amma ƙofar fita iri ɗaya ce. To idan za a sake rubuta ƙa'idojin hukunta wannan laifi, daga ina ya kamata a fara?

Alhaji Bashir:
Wa alaikumus salam, Malam Nasiru. Ni amsata gajeriya ce: a fara daga hukuncin kisa ga wanda ya ci amanar jama'a a kan dukiya mai yawa. Wanda aka kashe ba a yi masa afuwa, ba a rage masa wa'adi, ba ya kuma dawowa ya tsaya takara. Ƙasar Sin tana yin haka, kuma gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Barista Hauwa:
Alhaji, ranka ya daɗe, na fahimci zafin da ya sa ka faɗi haka, amma misalin Sin ɗin da ka kawo yana buƙatar a dube shi da kyau. A 2007 an kashe Zheng Xiaoyu, tsohon shugaban hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta ƙasar, saboda karɓar cin hanci. Bayan kusan shekara 14, a Janairun 2021, an kashe Lai Xiaomin, tsohon shugaban Huarong, kamfanin hada-hadar kuɗi mallakar gwamnati, wanda kotu ta same shi da karɓar kusan yuwan biliyan 1.8, adadin da ya ninka na Zheng sau ɗaruruwa. Lai yana cikin manyan jami'ai sa'ad da aka kashe Zheng, ya ji labari kamar kowa, kuma hakan bai tsayar da hannunsa ba. Dalili kuwa shi ne mai karɓar rashawa ba ya lissafin girman hukunci, yana lissafin yiwuwar a kama shi ne, kuma idan ya tabbata yana da wanda zai tsaya masa, ko wane irin hukunci aka rubuta a doka ba zai shafe shi ba.

Akwai kuma matsala ta biyu wadda lauyoyi suka fi sani. Ƙasashe da yawa ba sa miƙa wanda ake zargi ga ƙasar da za ta iya kashe shi. Lai Changxing, wanda Sin take nema kan fasa-ƙwauri da bayar da cin hanci, ya zauna a Kanada fiye da shekara goma, kuma ba a tasa ƙeyarsa ba sai a 2011 bayan Sin ta yi alkawarin ba za ta kashe shi ba. Wato hukuncin kisa yakan zama garkuwa ga wanda yake da kuɗin tikitin jirgi, ya bar ƙaramin ma'aikacin da ba shi da inda zai gudu. Hatta Biyetnam, wadda ta yanke wa attajira Truong My Lan hukuncin kisa kan almundahana a 2024, ta cire almundahana da karɓar cin hanci daga jerin laifukan da ake kisa a kansu a 2025. Ga shi kuma shari'ar cin hanci ta fi kowace shari'a saurin zama makamin bita-da-ƙulli a hannun mai mulki, kuma kuskuren da aka yi da igiya ba ya gyaruwa.

Alhaji Bashir:
Barista, na karɓi maganar miƙa masu laifi, domin ban taɓa dubanta ta wannan fuska ba. Amma ki lura da abin da shi Zheng ɗin ya aikata: ya karɓi kuɗi ya ba magunguna marasa inganci lasisi, mutane suka sha. Wanda ya ci kuɗin gada ta rufta da matafiya, ko ya ci kuɗin magani marasa lafiya suka mutu, da me ya bambanta da mai kisan kai? Dokar da take auna cin hanci da yawan kuɗi kawai, ba ta auna shi da rayukan da suka salwanta, ba ta gama aikinta ba.

Barista Hauwa:
A nan kam mun haɗu, Alhaji, kuma wannan shi ne ginshiƙin gyaran da nake goyon baya. A Ingila akwai majalisar da take tsara wa alƙalai ƙa'idojin yanke hukunci, kuma tun Oktoban 2014 ta fitar da ƙa'ida ta musamman a kan zamba da cin hanci da halasta kuɗin haram. Alƙali yana auna abu biyu kafin ya furta komai. Na farko shi ne girman laifin mutumin kansa: shin shi ya jagoranci abin, shin ya yi amfani da babban muƙamin amana, shin ya daɗe yana yi, shin ya tursasa wasu suka shiga? Na biyu shi ne ɓarnar da aka yi, kuma ba a taƙaita ta ga kuɗi ba, ana duba cutarwar da ta samu mutane, da lalata muhalli, da gurgunta aikin gwamnati. Inda ma'aunan biyu suka haɗu, nan ne mafarin hukunci, sannan alƙali ya ƙara ko ya rage bisa dalilan da dole ya bayyana su a fili. Dokar cin hanci ta Birtaniya ta 2010 ta tsaya a shekara 10 a matsayin mafi tsananin ɗauri, wanda bai kai abin da kake so ba, amma amfanin tsarin shi ne mutum biyu masu laifi iri ɗaya ba za su fito da hukunci mai nisa da juna ba don kawai ɗaya ya fi ɗaya lauya.

Dokta Aminu:
Ina so in ja hankalin 'yan'uwa zuwa ga tara, domin a ganina a nan ne ɓarakar ta fi girma, kuma ita ce ta fi sauƙin ɗinkewa. Dokoki da yawa an rubuta su ne da ƙayyadadden adadin kuɗi, shekaru suka shuɗe, hauhawar farashi ta cinye darajar kuɗin, amma adadin yana nan a takarda yadda yake. Sai kuma a haɗa shi da zaɓi: ɗauri ko tara. Shari'ar kuɗin fanshon 'yan sandan Najeriya ta nuna wannan ƙarara. A Janairun 2013 wani jami'in ofishin fanshon ya amsa laifinsa a shari'ar da ta shafi biliyoyin naira, kotu ta ba shi zaɓin ɗaurin shekara 2 ko tarar da jimlarta naira 750,000 ce, ban da kadarorin da aka ƙwace, ya biya ya tafi gida. Jama'a suka yi ca a kan alƙali, amma sashen dokar da aka tuhume shi da shi bai wuce ɗaurin shekara 2 ko tara ba. Sai a 2018 kotun ɗaukaka ƙara ta mayar da hukuncin ɗaurin shekara 6 da tarar naira biliyan 22.9. Da ba a ɗaukaka ƙarar ba, da shi ke nan.

Maganin wannan ba sabo ba ne. Dokar tarayya ta Amurka a kan ba jami'in gwamnati cin hanci ta yarda a ci tarar da ta kai ninki uku na abin da aka bayar ko aka karɓa, tare da ɗaurin da zai iya kai shekara 15. A Faransa ɗaurin shekara 10 ne da tarar yuro miliyan 1, wadda za a iya ɗagawa zuwa ninki biyu na ribar da aka samu daga laifin. Finlan kuwa tun 1921 take ɗaura tara a kan abin da mutum yake samu a rana, ta yadda zafin da talaka zai ji shi ne zafin da mai kuɗi zai ji. Muddin tara ba ta wuce abin da aka ci ba, to ta zama kaso ne kawai da ɓarawo yake cirewa daga ganimarsa, kuma tun kafin ya fara ya riga ya sa ta cikin lissafi. Saboda haka shawarata ita ce a soke zaɓin biyan tara ga duk wanda ya ci amanar muƙami, a raba maido da dukiya daga hukunci, domin mayar da abin da ba naka ba ba horo ba ne, biyan bashi ne, sannan tarar ta biyo baya a matsayin ninki na abin da aka ci.

Malam Sani:
Allah ya saka wa Dokta da alheri. Bari in ƙara da abin da malaman fiƙihu suka tattauna tun da daɗewa, domin ya yi daidai da inda kuka nufa. Mafi yawan malamai ba su sanya cin amanar dukiyar da aka damƙa wa mutum a ƙarƙashin haddin sata ba, sun bar shi a babin ta'aziri, wato hukuncin da shugaba ko alƙali yake ƙiyastawa gwargwadon laifi da mai laifi da zamani. Wannan yana nufin ƙofar tsara ma'auni a buɗe take. Kuma muna da labarin mutumin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aika karɓar zakka, ya dawo yana cewa wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka ba ni, sai Annabi ya hau mimbari ya tambaya me ya hana shi zama a gidan ubansa da uwarsa ya ga ko za a kawo masa kyautar. Darasin da ke ciki ga masu rubuta doka shi ne kada a bar wa mai muƙami ƙofar cewa kyauta ce. Sannan hadisin matar nan 'yar Banu Makhzum da ta yi sata, aka nemi a yi mata ceto, ya bayyana cewa abin da ya halaka al'ummomin baya shi ne idan mai daraja ya yi sata sai su ƙyale shi, idan mai rauni ya yi sai su tsayar masa da hukunci. Wannan ita ce cutar da Malam Nasiru ya buɗe magana da ita.

Malam Nasiru:
Na gode, Malam. Maganar kyauta ta tuna mini da Singafo, wadda ake yawan misali da ita. Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne hukuncin da ke cikin dokarsu ta 1960 ba mai tsanani ba ne sosai: ɗaurin da bai wuce shekara 5 ba, ko 7 idan abin ya shafi kwangilar gwamnati. Amma kotu tana tilasta wa wanda ya karɓa ya biya kwatankwacin abin da ya karɓa, kuma idan jami'in gwamnati ya karɓi wani abu daga mai hulɗa da gwamnati, doka tana ɗaukarsa cin hanci har sai shi ya tabbatar da akasin haka. A Oktoban 2024 an ɗaure tsohon ministan sufurinsu, Iswaran, wata 12 saboda karɓar kyaututtuka yana kan muƙami da kuma yi wa shari'a zagon ƙasa, kuma alƙalin ya wuce abin da masu gabatar da ƙara suka nema, bisa hujjar cewa girman muƙami yana ƙara girman laifi. Wata 12 ba wani dogon lokaci ba ne, amma minista ne, kuma hukuncin ya hau kansa. Sai dai ina da tambaya ga Barista: me zai hana a rubuta mafi ƙarancin ɗauri a doka, a ce duk wanda ya ci sama da kaza ba zai samu ƙasa da shekara kaza ba, a rufe wa alƙali ƙofar sassauci gaba ɗaya?

Barista Hauwa:
Malam Nasiru, tambayarka tana da ƙarfi, kuma akwai lauyoyi da yawa da suke tare da kai. Ni ina jin tsoronta ne saboda abin da na sani game da yadda shari'a take tafiya a aikace. Idan ka ɗaure hannun alƙali, ikon sassaucin ba ya ɓacewa, yana komawa hannun mai gabatar da ƙara ne, domin shi ne yake zaɓar sashen da zai tuhumi mutum da shi da adadin kuɗin da zai rubuta a takardar tuhuma. Alƙali yana yanke hukunci a bainar jama'a, yana rubuta dalilansa, kuma ana iya ɗaukaka ƙara a kansa, shi kuwa mai gabatar da ƙara yana yin zaɓinsa ne a ofis, ƙofa a rufe. An yi gudun gara ke nan an faɗa gidan zago. Amurka ta gwada ƙa'idoji na tilas tun daga 1987, har kotun ƙolinsu a 2005 ta mayar da su shawara wadda dole alƙali ya duba amma ba dole ya bi ba.

Sannan ƙayyade hukunci da adadin kuɗi kaɗai yana haifar da zalunci iri biyu. Akawun da aka umarta ya sa hannu a takardar biliyan ɗaya, bai samu komai ba sai tsoron kora, zai faɗa aji ɗaya da maigidan da ya tsara abin ya kwashe kuɗin. A ɗaya ɓangaren kuma, mai duba gini da ya karɓi ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ya sa hannu a kan ginin da ya rufta da mutane, zai faɗa ajin ƙasa. Abin da na fi so shi ne a ba alƙali zango mai farko da ƙarshe, a wajabta masa rubuta dalili idan zai sauka ƙasa da shi, a kuma ba mai gabatar da ƙara damar ɗaukaka ƙara a kan hukuncin da ya yi sauƙi fiye da kima. Inda zan yarda da tilas shi ne wuri ɗaya: babban mai muƙamin da aka samu da laifi dole ya shiga gidan yari, babu ɗaurin jeka-ka-gyara-halinka, babu zaɓin tara.

Malama Rukayya:
Ina bin muhawarar tun farko, kuma na ga duk hankali ya tafi kan manya. Ina so a tuna da mutumin da yake bayarwa ba don yana so ba. Na taɓa bin wata takarda da take haƙƙina ce a wani ofishi, na yi ta zarya har wata uku, kullum a ce in dawo, har wani ma'aikaci ya gaya mini a fili abin da zan bayar kafin fayil ɗina ya motsa. Na bayar, kuma har yau abin yana ci mini rai. A dokokin ƙasashe da yawa ni da shi laifinmu ɗaya, kuma wannan ne ya sa ban kai ƙara ba, domin wanda zai kai ƙara zai fara da tona wa kansa asiri. Doka da kanta ta ɗaure mu da igiya ɗaya, ta sa ni rufa masa asiri.

Dokta Aminu:
Malama, abin da kika faɗa masana tattalin arziki sun yi muhawara a kansa sosai. A 2011 Kaushik Basu, wanda a lokacin shi ne babban mai ba gwamnatin Indiya shawara kan tattalin arziki, ya kawo shawarar cewa a irin cin hancin da ake tatsar mutum kafin a ba shi haƙƙinsa, a daina hukunta mai bayarwa, a ɗora nauyin a kan mai karɓa, domin a raba maslahar mutanen biyu. Indiya ba ta ɗauki shawarar yadda take ba. Gyaran da ta yi wa dokarta a 2018 ya mayar da bayar da cin hanci laifi mai ɗaurin da zai iya kai shekara 7, amma ya keɓe wanda aka tilasta masa idan ya kai rahoto cikin kwana 7. Ni ina ganin kwana 7 sun yi kaɗan ga mutumin da har yanzu takardarsa tana hannun wanda zai kai ƙara, amma asalin tunanin daidai ne.

Malam Sani:
A yi hattara dai, Dokta. Hadisi ya la'anci mai bayarwa da mai karɓa gaba ɗaya, ko da yake malamai da yawa sun yi rangwame ga wanda ya bayar don ya karɓi haƙƙinsa ko ya kauce wa zalunci alhali ba shi da wata hanya, suka ce zunubin yana kan mai karɓa. Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ɗan kwangilar da ya kai jakar kuɗi don a ba shi aikin da bai cancanta ba, shi ma gobe zai zo kotu ya ce tilasta masa aka yi. Dole doka ta bambance wanda ya biya don ya samu nasa da wanda ya biya don ya samu na wani.

Malam Nasiru:
Wannan bambancin ya kai mu ga kamfanoni, kuma a nan zuciyata ba ta kwanta da abin da ake yi ba. A 2008 kamfanin Siemens ya biya kimanin dala biliyan 1.6 ga hukumomin Amurka da Jamus saboda bayar da cin hanci. A 2020 Airbus ya amince ya biya kusan yuro biliyan 3.6 ga Faransa da Birtaniya da Amurka domin a jingine shari'a. Kuɗi ne masu yawa, amma daga aljihun wa suka fito? Daga na masu hannun jari, waɗanda yawancinsu ba su san an yi ba. Kamfani ba ya ɗaukar jaka ya kai wa minista, mutum ne yake kaiwa, wani mutum kuma ya sa hannu a fitar da kuɗin. Sannan mafi yawan tarar tana shiga baitulmalin ƙasashen da suka yi binciken, alhali mutanen da aka saye jami'ansu, waɗanda su ne aka cuta, ba kasafai suke ganin wani abin kirki ba. Idan sulhu da kamfani bai zo da gurfanar da mutanen da suka aikata ba, kuma bai zo da diyya ga ƙasar da aka yi ɓarnar a cikinta ba, to ni ban ga adalci a cikinsa ba.

Barista Hauwa:
Ban musa maka ba, sai dai kada mu jefar da yarjejeniyar amsa laifi gaba ɗaya. Cin hanci laifi ne da ake yi tsakanin mutum biyu da suka yarda da juna, babu gawa, babu ƙofar da aka fasa, kuma sau da yawa ba a samun hujja sai ɗaya daga cikinsu ya yi magana. Shi ya sa Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta Yaƙi da Cin Hanci, wadda aka amince da ita a 2003 ta fara aiki a Disambar 2005, ta nemi ƙasashe su duba yiwuwar sassauta wa wanda ya ba da haɗin kai na gaske. Abin da ya kamata a gyara shi ne sharuɗɗan: a ƙayyade iyakar rangwamen, kamar yadda a Ingila wanda ya amsa laifi tun farko ba ya samun ragin da ya wuce kashi ɗaya cikin uku, a wajabta bayyana dukkan kadarori, ta yadda idan aka gano ya ɓoye wani abu yarjejeniyar ta rushe, alƙali ya duba ta a fili, kuma a sassauta wa na ƙasa don a kai ga na sama, ba a sassauta wa na sama don a rufe fayil ba.

Game da afuwar da ka buɗe magana da ita, yarjejeniyar ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce a yi la'akari da girman laifin kafin a saki mutum da wuri, ta kuma nemi a duba hana wanda aka samu da laifi riƙe muƙamin gwamnati na wani lokaci. Amma ikon afuwa yawanci a kundin tsarin mulki yake, dokar majalisa ba ta isa ta soke shi ba.

Alhaji Bashir:
To ai ko ba a taɓa afuwa ba, a hana shi muƙami har abada. Wanda ya ci amana sau ɗaya bai kamata a sake damƙa masa ko makullin sito ba.

Dokta Aminu:
Alhaji, ina tare da kai a kan hana muƙami, domin ga ɗan siyasa ya fi ɗauri zafi. Amma abin da ya faru a Brazil ya isa a tsaya a yi tunani a kan lokacin da hanin zai fara aiki. Dokarsu ta 2010 tana hana takara na shekara 8 ga wanda kotu mai alƙalai fiye da ɗaya ta same shi da laifi, ko da bai ƙare ɗaukaka ƙara ba. Da ita aka hana tsohon shugaban ƙasar, Lula da Silva, tsayawa zaɓen 2018 yana gidan yari, sai ga shi a 2021 kotun ƙoli ta soke hukuncin, ta kuma ce alƙalin da ya fara yanke shi, Sergio Moro, ya nuna son kai. Lula ya tsaya takara, ya ci zaɓen 2022, amma zaɓen 2018 ya riga ya wuce, babu kotun da za ta dawo da shi. Idan aka ce sai an ƙare ɗaukaka ƙara, mai kuɗi zai ja shari'a shekara goma yana kan kujera. Idan aka ce tun hukuncin farko, an ba mai mulki hanyar cire abokin hamayya.

Malam Nasiru:
To ke Barista, a tsakanin waɗannan biyun wanne za ki zaɓa? Kuma idan afuwa ba ta sokuwa da dokar majalisa, haka za a zuba ido?

Barista Hauwa:
A kan na farko, zan zaɓi hanin ya fara bayan kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukunci, da sharaɗin doka ta ƙayyade wa kotunan wa'adin da za su kammala irin wannan shari'a, kuma a dakatar da mai muƙami daga taɓa kuɗin jama'a tun ranar hukuncin farko. Hakan bai kawar da haɗarin da Dokta ya nuna ba, ya dai rage shi. A kan afuwa kuwa, ko ba a soke ikon ba, ana iya raba abin da take shafa. Afuwa ta tsaya a kan zaman gidan yari kawai, kada ta taɓa umarnin maido da dukiya, kada ta ɗage hanin riƙe muƙami, kuma a wajabta wallafa sunan wanda aka yi wa da dalilin da rahoton likita idan rashin lafiya aka kafa hujja da shi. Inda tsarin mulki bai ba da damar ko wannan ba, to sai an gyara shi kansa, kuma masu gyaran su ne 'yan majalisar da wataƙila wasunsu suke hango ranar da za su buƙaci afuwar. Dokta, ina so ka duba mana yadda za a ƙiyasta ribar da kamfani ya samu daga kwangilar da ya saya da cin hanci, domin ƙa'idar Ingila tana ninka wannan adadin ne daga kashi 20 zuwa kashi 400 cikin ɗari don fitar da tarar kamfani, kuma duk gardamar lauyoyi a kan asalin adadin take tsayawa.